Dashen Maigida

A yammacin Sikotilan, a yankin da ake kira Argyll, ruwan sama ba baƙo ba ne. Iskar tekun Atlantika ke koro shi, ya sauka da zafi ya sauka da sanyi, har ƙasar wurin ta zama baƙa, mai tsami, kullum a jiƙe. A gangaren duwatsun da suka zubo bakin teku akwai tsohon daji na itatuwan ok, gajeru, iska ta karkata su, jikinsu lulluɓe da gansakuka tun daga gindi har reshe. Mutanen ƙauyukan bakin ruwa sun rayu da dajin nan tun kaka da kakanni. A da, a cikinsa suke kiwo, daga cikinsa ake ƙona gawayin da ya riƙe maƙerar narka ƙarfe ta Bonawe fiye da shekara ɗari, ɓawon itacen kuma majema ke saye.

Gidan da zan ba da labarinsa ba zan sa masa suna ba, domin irinsa sun yi yawa a yammacin Sikotilan da Wales da Ailan, kuma abin da ya sami ɗaya shi ya sami sauran.

Wani attajiri ne daga birnin Glasgow, wanda ya tara dukiya da jiragen ruwa. Tun da Sarauniya Biktoriya da mijinta suka sayi Balmoral a 1852, duk mai kuɗin da ke son a san da shi sai ya mallaki gida a tsaunukan arewa. Attajirin nan ya sayi kwari guda, da dajinsa da duwatsunsa, ya gina gida na dutse mai hasumiya. A zamanin, da abu biyu ake auna babban mutum a irin wannan wuri: yawan tsuntsayen da baƙinsa za su harbe a kakar farauta, da kyan furannin da za su gani idan sun leƙo ta taga.

Furen da ake yayi a lokacin shi ne rododendiron. Dangi ne babba, iri kusan 1,000, mafi yawansu a tsaunukan Himalaya da kudu maso yammacin Sin. Ɗaya daga cikinsu, mai jan fure, shi ne furen ƙasar Nepal a yau. Wani masanin tsirrai, Joseph Hooker, ya shiga ƙasar Sikkim neman su, har aka tsare shi can a 1849, ya turo iri zuwa lambun Kew da ke Landan inda mahaifinsa ke shugabanci. Da zanen furannin ya fito a littafi, masu kuɗin Birtaniya suka ruɗe. Ga ja wur, ga fari fat, ga ruwan ɗorawa, wani ma da ƙamshi. Masu renon tsirrai suka shiga haɗa wannan da wancan, suna fitar da sababbin launuka, suna raɗa musu sunayen sarakuna da matan manya. Ƙasar Argyll kuwa kamar don su aka yi ta, domin rododendiron ba ya son ƙasa mai alli, saiwarsa siririya ce tana shimfiɗe kusa da sama, tsami da danshi take bukata.

Sai dai furannin nan masu tsada 'yan gata ne. Ba sa saurin girma, reshensu ba ya kama ƙasa da sauƙi. Masu reno suka samo dabara, wadda duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa mangwaro aure ya san ta: a yanko reshen mai daraja a ɗaura shi a kan gindin wani mai ƙarfi. Gindin da suka zaɓa shi ne wanda masana ke kira Rhododendron ponticum, mu ce masa fontikum. Asalinsa daga gaɓar Bahar Aswad ne da kudancin Sifaniya da Fotugal, an shigo da shi Birtaniya a 1763. Furensa shunayya ne, ba wanda ke yi masa kallo na biyu idan na Himalaya na kusa. Amma yana da juriya, yana da araha, kuma duk abin da aka ɗora masa ɗauka yake.

Babban gadinan gidan dattijo ne, ya fara aikin lambu tun yana yaro. Ranar da amalanke ya sauke furannin, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya kira maigida ya nuna masa wani ƙulli a jikin kowane, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa.

"Ranka ya daɗe, duk 'yan aure ne. Daga ƙullin nan zuwa sama shi ne abin da ka biya kuɗi. Daga nan zuwa ƙasa fontikum ne. Gindin nan ba ya barci. Kowace shekara zai fitar da tohonsa ta ƙasan ƙullin, in ba a fige ba, shi zai shanye abincin, na saman ya rame."

Maigida ya ce, "To ai don haka nake biyan ka, Baba."

Gaskiya ya faɗa, kuma da a nan maganar ta tsaya da ba a sami labari ba. Dattijo da yaransa suka riƙa zagayawa da wuƙa, duk tohon da ya leƙo su cire shi. Hanyar shiga gidan ta zama abin kallo a watan Mayu.

Wanda ya kawo ɗaya shawarar shi ne shugaban mafarautan gidan. Aikinsa kiwon wani tsuntsu ne mai suna fezan, ɗan'uwan fakara mai doguwar wutsiya. Ana ƙyanƙyashe su da yawa, a sake su a daji, ranar farauta a jera 'yan ƙauye da sanduna su koro su sama zuwa inda baƙi ke tsaye da bindigogi. Damuwarsa ita ce dajin ok yakan kaɗe ganye da hunturu, tsuntsaye su rasa maɓoya su gudu ƙasar maƙwabta. Ya ce a dasa fontikum tsagwaronsa a cikin dajin, dubbai. Ya jera wa maigida kyawawan halayensa: ganyensa ba ya zuba, zomo ba ya ci, barewa ba ta ci, ba ya neman taki, ba ya neman a kula da shi. Inda ka ajiye shi nan za ka tarar da shi ranar da kake bukata. Kakar farautar fezan wata huɗu ce, daga farkon Oktoba zuwa farkon Fabrairu. Sauran wata takwas ɗin ba sai an tambayi yadda ya kwana ba.

Da dattijo ya ji, sai ya tsinko busasshen kwanson iri guda, ya je har ɗakin karatun maigida. Ya murza shi a tafin hannunsa. Abin da ya zubo ba za ka ce iri ba ne, wani gari ne ja-ja mai laushi, ya kwanta a cikin layukan tafin. Ya hura kaɗan, rabinsa ya tashi ya ɓace a hasken taga.

"Wannan na kwanso ɗaya ne, ranka ya daɗe. Babban gindi guda yana iya zubar da iri miliyan a shekara. Na lambu ina da ido a kansu, na san adadinsu. Na daji wa zai sa musu ido? Dajin naka ne, amma iska ba taka ba ce."

Maigida ya yi shiru, sannan ya yi tambaya ɗaya tak: "Yaushe zai fara zubar da irin?"

"Wanda ya tsiro daga iri yakan shekara goma zuwa sha biyu kafin ya yi fure. Kafin dajin ya cika, sai a yi shekara talatin, arba'in."

Maigida yana da shekara hamsin da 'yan kai a lokacin, kuma baƙinsa na nan tafe a watan Nuwamba. Ya sa hannu a takardar oda. Ba mugun mutum ba ne yadda ake kwatanta mugaye, ya gina wa ƙauyen makaranta, yana raba gawayi da hunturu. Ya dai auna abin da tsawon ransa, ya ga ba zai riske shi ba. A ganina wannan lissafin ya fi mugunta ɓarna, domin mai yin sa yana barci lafiya, kuma idan ya mutu da yabo ake binne shi.

Shekarun farko komai ya tafi yadda shugaban mafarauta ya faɗa. Tsuntsaye suka zauna, baƙi suka yaba, maƙwabta suka ga abin ya yi kyau su ma suka dasa, don kada a fi su. Dattijon gadina ya rasu, maigida ya bi shi, ɗansa ya gaji gida.

A zamanin ɗan ne wata mata daga ƙauyen ta zo ofishin wakilin gidan da kuka. An yi dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, tumakinta suka rasa abin ci, suka afka wa koren ganyen da ya tsiro a makiyayar gari. Ta tarar da su suna dalalar da yawu, suna tangaɗi, wasu suka mutu kafin gari ya waye. Ganyen fontikum dafi gare shi, haka ma ruwan furensa. Tsohon sani ne wannan: a wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, sojojin Girka da suka sha zumar wannan fure kusa da Trabzon, a Turkiyya ta yau, sun zube kamar matattu, sai bayan kwana guda hankalinsu ya dawo. Dabba mai ƙoshi ba ta kusantar ganyen. Mai yunwa ce ke ci.

Wakili ya saurare ta, ya ce, "Baiwar Allah, kin taɓa ganin ma'aikacin gidan nan ya dasa wani abu a makiyayarku?"

Ta ce ba ta gani ba.

"To namu yana cikin shingenmu. Wanda ke wajenku ba mu san shi ba."

Ya ba ta ɗan abin da bai kai kuɗin tunkiya ɗaya ba, ya ce sadaka ce daga maigida, kada ta ɗauka diyya ce.

Sai yaƙin 1914 ya zo. Samarin lambu suka tafi fagen daga a Faransa, da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo ba su ga dalilin komawa aikin ƙaramin albashi ba. Harajin gado ya ci rabin dukiyar, jikan attajiri ya tare a Landan, sai ya ga dama yake leƙowa. Lambun da mutum goma sha ke yi wa hidima ya koma hannun tsoho ɗaya da yaro ɗaya, ciyawar gaban gida ma da ƙyar suke iya yanke ta. Wuƙar da ke fige toho ta daina zagayawa.

Abin da ya biyo baya ba a ji ƙararsa ba. Gindin da aka ɗora wa furen Himalaya ya fitar da toho, ba wanda ya cire. Tohon ya zama reshe, reshen ya wuce na saman tsawo, ya yi masa inuwa, ya shanye ruwan. Shekara kaɗan sai ka ga rabin gindi ja rabi shunayya, bayan wasu shekaru kuma jan ya tafi. Wanda ya kutsa cikin irin waɗannan tsofaffin lambuna a yau, idan ya duƙa ya ɗaga rassa, zai iya tarar da busasshen kututture a tsakiya, ɗan allon dalma na rataye da waya a jikinsa, an buga sunan wata gimbiya a kai. Kewaye da shi kuwa sanduna ne masu kauri goma ko fiye, duk sun fito daga ƙasan tsohon ƙullin. Hanyar shiga gidan, wadda aka kashe wa dukiya don ta yi launi bakwai, ta koma launi ɗaya. Wanda aka kawo don ya ɗauki mai daraja a kafaɗa, shi ya gaje wurin.

A daji abin ya fi muni. Fontikum yana kai mita biyar, wani ma takwas, reshensa in ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa ya zama sabon gindi. Rassan suka saƙe da juna har hasken rana ya daina isa ƙasa. Ƙarƙashinsu duhu ne da busasshen ganye, ba ciyawa, ba gansakuka, ba furen daji, tsuntsu ma kaɗan ne. Tsofaffin itatuwan ok na nan tsaye, kansu a sama, suna zubar da 'ya'ya kowace kaka, amma ba ɗan da ke tsira a wannan duhu. Daji ne mai tsofaffi ba yara, ranar da na ƙarshe ya faɗi shi ke nan. Abin da ya rage na irin wannan daji a duk Sikotilan bai wuce kadada 30,000 ba, kuma fontikum na cikin manyan abubuwan da ke cin sa. Farautar da aka yi dominta ma ta lalace a wuraren da ya yi kauri, don masu kora da karnukansu ba sa iya ratsawa.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙari nake yi. A 2014, a tsaunukan Knockmealdown na ƙasar Ailan, wasu mutum biyu masu yawon tsauni sun maƙale a cikin kurmin fontikum, sai da masu ceto suka shafe kusan awa biyar kafin su fito da su. A gandun dajin Killarney, 'yan sa kai na ƙungiyar Groundwork sun yi ta fama da shi daga 1981 har 2009. A 2017 wani ɗan majalisar yankin, Michael Healy-Rae, ya miƙe a zauren majalisar ƙasar ya nemi a tura sojoji su yaƙe shi. Ga kuma wata cutar itatuwa, Phytophthora ramorum, da aka fara gani a Birtaniya a 2002. Fontikum na cikin waɗanda ke ɗauke da ita suna yaɗawa, kuma tun 2009 da ta kama itacen katako mai suna larch an sare miliyoyi saboda ita. Kuɗi mai yawa na wannan aiki daga aljihun jama'a yake fita. Masu iya magana sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan wanda ya ɗebo ya daɗe a kabari, bakin jikokin makiyaya ne ke ƙuna.

Yanzu kowa zagin tsiron yake, a jarida da rediyo, ana kiransa annoba. Ni ban iya zaginsa ba. A can inda kakanninsa suka fito, a kwazazzaban Los Alcornocales na kudancin Sifaniya da wasu tsirarun wurare a Fotugal, fontikum ɗan tsiro ne mai wuyar samu, yana maƙale a bakin rafi, har kare shi ake yi kada ya ƙare. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna yawancin na Birtaniya daga can suke. Bai yi tattaki da ƙafarsa ya zo ba. An ɗauko shi ne saboda talakan tsiro ne mai jure wuya, aka ɗora masa kaya, aka tura shi daji, aka yi amfani da shi muddin yana da amfani, sannan aka juya masa baya ba tare da an tanadar masa komai ba. Ya yi abin da duk mai rai ke yi idan an yasar da shi, ya nemi hanyar rayuwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne har yau hoton wanda ya sa hannu a takardar oda yana rataye a zauren gidan, baƙi na tsayawa suna karanta alherinsa.

Masu kiran a turo soja da zarto kuwa, da sun tambayi ma'aikatan daji da sun ji abin da ba za su so ba. Idan ka sare fontikum ka tafi, kututturen zai fitar da toho da yawa a madadin sanda ɗaya, cikin 'yan shekaru ya fi na da kauri, ya kuma yi fure da wuri fiye da ɗan iri. Ƙona shi ma haka. Aikin da ke ci shi ne na haƙuri: a bi gindi ɗaya bayan ɗaya, a huda shi a ɗura maganin kashe ciyawa, ko a shafe kututturen nan take bayan an sare. A dawo baɗi, a dawo baɗin baɗaɗa, a riƙa tuge ƙanana da hannu shekara da shekaru. Kuma ƙasar da aka share ba a barin ta tsirara, domin tsirarar ƙasa mai danshi ita ce shimfiɗar da irinsa ya fi so. Sai an kange bareyi, an bar 'ya'yan ok sun tashi sun kama wurin. Sau da yawa hukuma kan ware kuɗin shekara ɗaya ko biyu, a yi sara, a ɗauki hoto, kuɗi ya ƙare, bayan shekara goma a tarar da wurin ya koma yadda yake. Irin nasa ba ya daɗewa da rai a ƙasa, wannan ita ce rahamar da ke ciki. Ma'anarta, in an kawar da manyan da ke zubar da iri, aikin yana da ƙarshe. In an bar su, ba shi da shi.

A kwarin da nake ba da labarinsa, 'yan ƙauye suka gaji da jira, suka haɗa kai suka nemo tallafi, suka ɗauki wata ma'aikaciyar daji ta jagorance su. Suka share makiyayarsu da ɓangaren dajin da ya dawo hannun gari, ƙananan ok suka fara leƙowa a cikin shinge. Amma kowace bazara sai su tarar da sababbin 'ya'yan fontikum a gangaren da ke fuskantar babban gida, domin iskar yankin daga kudu maso yamma take busowa, gidan kuma a can yake.

Gidan ya zama otal, yana hannun wani daga zuriyar. Ma'aikaciyar ta je ta same shi. Ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya ce babu wanda ya kai shi baƙin cikin abin da tsiron nan ya yi wa kwarin, ya ce a taron da aka yi kwanan baya shi ya fi kowa ɗaga murya a kai. Ya yi alkawarin saya wa 'yan sa kai safar hannu da zarto.

Ta ce, "Mun gode, Yallaɓai. Amma ba zarto ya kawo ni ba. Manyan da ke bakin hanyar gidanka, su ne iyayen. Muddin suna tsaye, mu aikin banza muke yi. Ka ba mu izini mu cire su, mu dasa maka waɗanda ba sa yaɗuwa."

Fuskarsa ta canza. Ya ce baƙinsa don furen nan suke zuwa a watan Mayu, ɗakuna kan cika, hotonsu ne ma a jikin takardar tallan otal ɗin.

"Ku je ku gama da na daji, Malama, ina bayanku ɗari bisa ɗari. Waɗannan kam nawa ne, ina da amfani da su, kuma ina da ido a kansu."

Doka ta hana dasa fontikum a daji, amma ba kasafai take shiga lambun mutum ta tuge wanda kakansa ya dasa ba. Ma'aikaciyar ta koma ofis, ta mayar da gangaren nan cikin jerin aikin baɗi, ta sake rubuta takardar neman kuɗinsa.